Kallon Giwayen Teku da Tsuntsayen Guguwa a Gaɓar Kef ta Afirka ta Kudu

Gabatarwa

Wannan takarda bayani ce a kan wani nau'in yawon buɗe ido da babu irinsa a ƙasar Hausa, wato fita cikin teku a ƙaramin jirgin ruwa domin kallon manyan dabbobin ruwa da tsuntsayen da ke rayuwa nesa da tudu. An ɗauki misali daga yankin birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, saboda a can abubuwan biyu suna haɗuwa a lokaci guda na shekara, kuma lokacin shi ne na sanyi da ruwan sama da iska mai ƙarfi. Abin da ake son mai karatu ya lura da shi shi ne matsayin iska a cikin lamarin. Ita ce ke tara halittun da mutane ke biyan kuɗi su je gani, ita ce kuma ke hana jirgi barin tasha, wani lokaci ma ta kifar da shi.

Kafin a shiga bayani akwai matsalar suna, wadda duk ɗalibin fassara zai ci karo da ita. Dabbar da Ingilishi ke kira whale, Faransanci ke kira baleine, ba ta da suna na asali a Hausa, domin Bahaushe bai zauna bakin teku ba. Masu fassara sukan ce "babban kifi", kamar yadda ake faɗa a ƙissar Annabi Yunusa. To amma ba kifi ba ce. Da huhu take numfashi, jininta mai ɗumi ne, haihuwa take yi, ta kuma shayar da ɗanta nono kamar ayu. Masana ma sun tabbatar da cewa a cikin dabbobin da ke raye a yau dorina ce ƴar'uwarta mafi kusa. A wannan takarda za a kira ta "giwar teku", jam'i "giwayen teku", saboda girmanta. Kada a haɗa ta da giwan ruwa na kogin Kwara da tafkin Cadi, wanda shi kifi ne sosai.

Sana'ar ba ƙarama ba ce. Wani rahoto da aka fitar a 2009 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2008 mutum miliyan 13 ne suka je kallon giwayen teku a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe kuɗin da ya haura dala biliyan 2.

Gaɓar Kef da iskokinta

Kef wani tsinin ƙasa ne mai duwatsu da ya kutsa cikin teku a kudu maso yammacin nahiyar Afirka. Baturen da ya fara zagaye shi a jirgi shi ne Bartolomeu Dias na ƙasar Fotugal, a 1488, kuma an ce sunan da ya fara sa masa shi ne "Tsinin Guguwa". Daga baya sarkinsu ya sauya sunan zuwa "Tsinin Kyakkyawan Fata", don kada matuƙa su tsorata da hanyar Indiya. Sunan farko ya fi dacewa da wurin.

Dalili kuwa shi ne, daga Kef zuwa Antaktika akwai tazarar kusan kilomita 4,000, kuma ban da ƴan tsibirai babu tudun da zai tare iska. A wannan sarari iskar yamma tana zagaya duniya ba tsayawa, tana tayar da raƙuman ruwa waɗanda ke tafiyar dubban kilomita kafin su iso gaɓar Afirka. Bugu da ƙari, manyan magudanan ruwa biyu na cikin teku suna gamuwa a wannan yanki: na Agulhas mai ɗumi, wanda ke gangarowa daga Tekun Indiya, da na Benguela mai sanyi, wanda ke bin gaɓar yamma zuwa Namibiya da Angola.

Yanayin shekara a can ya saɓa da na Sahel. Lokacin da damina ke sauka a Yamai da Damagaram da Kano, wato daga Yuni zuwa Satumba, shi ne lokacin sanyi a Kef. A waɗannan watanni hadari kan taso daga teku bi da bi, kowane da iskar arewa maso yamma a gabansa, sai ruwan sama, sa'an nan iskar ta juya ta koma ta kudu maso yamma, gari ya washe na kwana ɗaya ko biyu kafin wani hadarin ya biyo. Daga Oktoba zuwa Maris kuwa, lokacin zafi, iskar kudu maso gabas ce ke mulki. Mutanen gari suna kiranta "Likitan Kef" saboda tana share hayaƙi da ƙurar birni. Aikinta a teku ya fi wannan muhimmanci. Idan ta daɗe tana kaɗawa, sai ta ture ruwan da ke sama daga gaɓar yamma zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da sinadaran da suka kwanta a can. Waɗannan sinadarai taki ne. Da sun haɗu da hasken rana sai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su yi yawa, ƙananan halittu masu kama da jatan-lande su ci su, kifin sadin da ire-irensa su ci waɗannan, haka har zuwa kan tsuntsaye da giwayen teku. Ke nan arzikin kifin wannan gaɓa, iska ce ta noma shi.

Giwar da ke neman ruwa mai kwanciya

Giwar tekun da ta yi wa yankin suna ita ce wadda masana ke kira Eubalaena australis. Baƙa ce, ba ta da ƙayar baya irin ta kifi, tsawonta kan kai mita 15, nauyinta kuma tan 40 zuwa 60, wato nauyin giwayen daji takwas ko goma. Ba ta da haƙora. A maimakonsu tana da dogayen geza a baki waɗanda ke aiki kamar rariya, ruwa ya fice, abinci ya tsaya. A kanta akwai farar kanta mai kaushi, kuma tsarin kantar kowace giwa daban yake, don haka da shi ake gane su ɗaya-ɗaya a hoto. Idan ta fito numfashi, feshinta kan rabu biyu kamar cokali mai yatsa biyu, ya tashi sama mita da yawa. Wannan feshi shi mai kallo ke fara hangowa.

Sunanta na Ingilishi, right whale, ana fassara shi da "wadda ta dace", kuma bayanin da aka fi yi shi ne ta dace da farauta: ba ta da sauri, tana zuwa kusa da gaɓa, tana da kitse mai yawa, idan an kashe ta kuma ba ta nutsewa. Daga ƙarshen ƙarni na 18 jiragen Amurka da Ingila da Faransa suka yi ta kashe ta a lungunan tekun Afirka ta Kudu har ta kusa ƙarewa. An hana farautarta a duniya a 1935, amma jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe sama da 3,000 a ɓoye tsakanin 1951 da 1971, abin da bai fito fili ba sai bayan rushewar tarayyar. Ita Afirka ta Kudu ta rufe mafarautarta ta ƙarshe a Durban a 1975, ta kuma haramta farautar giwayen teku a ruwanta a 1979.

Wannan giwa ba cin abinci ke kawo ta gaɓar Kef ba. Kiwonta yana can kudu mai nisa, a ruwan sanyi, inda take yin ƙiba a watannin zafi. Haihuwa ce ke kawo ta, daga Yuni zuwa Nuwamba. Bayan ciki na kusan shekara guda takan haifi ɗa ɗaya mai tsawon kimanin mita 5, wanda ke ƙara kusan santimita 3 kullum da nono kaɗai, alhali uwar tana rayuwa ne da kitsen jikinta. Saboda haka ba ta son ɓarnar ƙarfi. Takan nemi lungun teku marar zurfi, mai yashi a ƙasa, wanda tudu ya kare daga iska da manyan raƙuman ruwa. Irin waɗannan wurare su ne De Hoop da St Sebastian da kuma Walker Bay, inda garin Hermanus yake, kimanin kilomita 120 daga Kef Tawun.

A Hermanus ana ganinsu daga tudu, domin akwai hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 12 a bisa duwatsun gaɓa, kuma giwayen kan matso har mutum ya ji ƙarar numfashinsu. Tun 1992 garin ya ɗauki mai shela, wanda ke yawo da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku yana busawa don sanar da baƙi inda aka hango giwa. Wanda ya fara riƙe aikin shi ne Pieter Claasen. Masu son kusanta kuwa sai su shiga jirgi, tafiyar kamar awa biyu. An fara ba da lasisin wannan sana'a a 1998. Doka ta hana kowane jirgi kusantar giwar teku ƙasa da mita 300, sai mai lasisi, wanda aka yarje masa zuwa mita 50, kuma sharuɗɗan sun fi tsanani game da uwa mai goyo. Idan giwar ce da kanta ta matso, kamar yadda ƙananansu masu son ganin ƙwaƙwaf kan yi, matuƙi sai ya tsaya cik ya bar ta.

Tun 1969 ake ƙirga su daga jirgin sama kowace shekara, aikin da marigayi Peter Best ya fara, wanda kuma Jami'ar Pretoria ke ci gaba da shi. Shekaru da yawa yawansu yana ƙaruwa da kimanin kashi 7 cikin ɗari a shekara. Daga baya lissafin ya rikice. A 2016 iyaye mata masu goyo 55 kawai aka gani, a 2018 kuma sama da 500. Tazarar haihuwa, wadda a da shekara uku ce, ta koma huɗu ko biyar ga da yawansu. Masu binciken suna danganta wannan da ƙarancin abinci a makiyayarsu ta kudu.

Wani abin mamaki shi ne, ita ma wannan giwa tana wasa da iska. Takan juya kanta ƙasa, ta ɗaga wutsiyarta sama da ruwa ta bar ta a miƙe kamar ƙyallen jirgin iska, iska ta yi ta tura ta. Akwai kuma wani nau'in, mai dogayen hannuwa da ɗan doro, wanda ke wucewa ta wannan gaɓa a hanyarsa ta zuwa haihuwa a ruwan ɗumi, har gaɓar Gabon da Benin. Wani bincike da aka yi a kansa a gabashin Ostireliya, aka buga a 2010, ya nuna cewa idan iska ta yi ƙarfi, ƙarar ruwa ta yi yawa, sai ya rage kuka ya ƙara tsalle da dukan ruwa da hannu da wutsiya, domin wannan ƙara ta fi ratsa hayaniya. Wato ranar da giwa ta fi yin abin kallo, ita ce ranar da jirgi ya fi wahalar fita.

Tsuntsun da ke neman iska

Jirgi na biyu da ke fita a wannan lokaci na masu kallon tsuntsaye ne, kuma tafiyarsa daban ce ƙwarai. Yakan tashi da sassafe daga tashar Simon's Town ko ta Hout Bay da mutum goma ko ƙasa da haka, ya bar tudu a baya, ya nausa kudu maso yamma kilomita 40 ko 50, zuwa inda ƙasan teku ke gangarawa farat ɗaya daga zurfin ƴan ɗaruruwan mita zuwa dubbai. Ba ya dawowa sai la'asar.

Tsuntsayen da ake nema dangi ɗaya ne, kuma sunan da masana suka ba dangin, Procellariiformes, ya fito ne daga kalmar Latin procella, wato guguwa. Ana gane su da hancinsu mai kama da ɗan bututu a bisa baki. Suna shan ruwan gishiri, wasu ƙullutai da ke saman idanunsu su tace gishirin ya fito ta hanci. Suna da jin wari ƙwarai, abin da ba kasafai ake samu ga tsuntsaye ba, har suna bin warin da ke tashi daga ruwan da abinci ya taru a cikinsa. Ba sa sauka tudu sai don yin ƙwai, a tsibirai masu nisa kamar Marion da Gough da Tristan da Cunha da Jojiya ta Kudu. Da lokacin sanyi ya kama can, sai da yawansu su hauro arewa zuwa ruwan Kef.

Babbansu shi ne albatros. Sunan ya shiga harsunan Turai ta hanyar kalmar Fotugis alcatraz, wadda ake dangantawa da Larabci. Nau'i huɗu ake gani a kai a kai a wannan teku, cikinsu har da mai baƙar gira da masu rawaya a baki. Wanda kowa ke addu'ar gani shi ne babban albatros mai yawo, wanda faɗin fikafikansa kan kai mita uku da rabi, babu tsuntsu mai rai da ya fi shi. A ɗaya gefen akwai ƙaramin fetirel na guguwa, baƙi mai farin gindi, wanda bai wuce giram 40 ba, kusan girman tsattsewa. Yakan yi ta taɓa ruwa da ƙafafu kamar mai tafiya a kansa, shi ya sa ake danganta sunansa da Bitrus, almajirin Annabi Isa, wanda Linjila ta ce ya taka ruwa. Matuƙan da suna ɗaukar ganinsa a bayan jirgi alamar guguwa na tafe, kamar yadda manomi ke ɗaukar zuwan shamuwa alamar damina. Tsakanin waɗannan biyu akwai fetirel mai farar haɓa, da mai dabbare-dabbare wanda ƴan Fotugal suka kira pintado, wato mai fenti.

Yadda albatros ke tashi shi ne ginshiƙin wannan bayani, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Ungulu da mikiya suna shawagi ne bisa iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa idan rana ta take. A tekun sanyi babu irin wannan iska. Abin da ke akwai shi ne bambancin gudu: iskar da ke daf da ruwa ba ta da sauri, domin raƙuman ruwa suna riƙe ta, wadda ke sama da mita 10 ko 15 kuwa tana gudu sosai. Albatros yakan fuskanci iska ya hau sama, kuma da yake kowane taki da ya hau iskar ta fi ƙarfi, sai ta yi ta ɗaga shi ba tare da ya kaɗa fiffike ba. Idan ya kai ƙololuwa sai ya karkata ya juya mata baya, ya gangaro da gudu har ƙarshen fiffikensa ya kusa shafar ruwa, ya shiga kwarin da ke tsakanin raƙuma biyu inda iska ta lafa, ya sake juyowa ya fuskance ta. Haka zai yi ta yi, hawa da sauka, wuni guda. Masanin kimiyya Lord Rayleigh ne ya fara bayyana wannan dabara a 1883. A kafaɗar tsuntsun akwai wata jijiya da ke kulle fiffike a buɗe, ta yadda ba ya gajiya da riƙe shi, kuma da aka auna bugun zuciyarsa a cikin irin wannan tafiya an tarar bai fi na lokacin da yake zaune da yawa ba. A 1990 wasu masana biyu na Faransa, Pierre Jouventin da Henri Weimerskirch, suka buga sakamakon bin sawunsa ta tauraron ɗan'adam, inda suka nuna cewa a fita ɗaya ta neman abinci yakan yi tafiyar kilomita 3,600 zuwa 15,000.

Abin da ya biyo bayan wannan a fili yake. Ranar da babu iska, albatros ba shi da abin hawa. Sai a tarar da shi zaune bisa ruwa kamar agwagwa, idan jirgi ya matso ya yi ta gudu da ƙafa yana dukan ruwa kafin ya iya tashi. Mai kallon tsuntsu da ya fita a rana mai kyau zai sha iska lafiya, amma zai koma da ɗan abin da ya gani. Ranar da ya fi so ita ce wadda ta biyo bayan hadari, lokacin da iskar kudu ta koro tsuntsayen nesa, teku kuma bai gama hucewa ba.

Matuƙin wannan jirgi yakan nemi manyan jiragen su masu jan taru, waɗanda ke kama wani farin kifi da ake kira hek a wannan gangare. Idan suna gyaran kifi suna zubar da kai da kayan ciki, tsuntsaye kan taru a bayansu dubbai, har sararin sama ya yi duhu. Wannan shi ne abin kallon da ya ja mutane daga ƙasashe da yawa zuwa Kef, sai dai kuma a nan tsuntsayen suka yi ta mutuwa. Igiyoyin ƙarfen da ke jan taru suna shiga ruwa suna fita yayin da jirgi ke tangaɗi, su bugi fiffiken tsuntsu su danna shi ƙasa. Jiragen mamari kuma, masu shimfiɗa igiya mai dubban ƙugiyoyi, tsuntsu kan haɗiyi ƙugiya a garin cin abincin da aka maƙala, ya nutse da ita. Ga tsuntsun da sai ya kai kimanin shekara goma yake fara ƙwai, kuma ƙwai ɗaya yake yi a shekara ɗaya ko biyu, wannan asara ba ta maiduwa da sauri. A 2006 ƙungiyoyin BirdLife International da RSPB suka kafa wata tawaga da ta fara aiki a Afirka ta Kudu, tana shiga jiragen masunta tana aiki tare da su. Maganin da ya fi tasiri ba shi da tsada: igiya ce ake ja a bayan jirgi, an rataya mata dogayen tsumma masu launi da ke kaɗawa, su zama shinge tsakanin tsuntsu da igiyar ƙarfe. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna mutuwar albatros a jiragen tarun hek ta ragu da kashi 99 cikin ɗari.

A fita ko kada a fita

Masu aikin teku suna auna iska da wani ma'auni da hafsan sojan ruwan Ingila Francis Beaufort ya tsara a 1805, daga mataki na 0 zuwa na 12. Amfaninsa shi ne da ido ake karanta shi. A mataki na 0 ruwa kamar madubi yake. A na 3, gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa, kan raƙuman ruwa ya fara fashewa, farin kumfa ya bayyana nan da can. A na 5, kilomita 29 zuwa 38, kumfa ya cika ko'ina. A na 8, kilomita 62 zuwa 74, guguwa ce sosai, iska na yage kan raƙuma tana watsawa. Ga mai neman giwar teku, matsala tana farawa tun daga mataki na 4, domin feshin giwa fari ne, kumfa ma fari ne, iska kuma tana kwantar da feshin kafin ya tashi. Masu ƙirgar giwaye don bincike sukan dakata idan aka wuce na 4 ko na 5. Mai neman albatros kuwa a nan ne ma ya fara jin daɗi.

Iska ba ita kaɗai matuƙi ke dubawa ba. Raƙuman ruwa iri biyu ne. Akwai waɗanda iskar wurin ke tayarwa, gajeru masu tsini, suna zuwa kusa da juna suna dukan jirgi. Akwai kuma waɗanda guguwar nesa ta aiko, dogaye masu santsi, ɗaya na bin ɗaya bayan daƙiƙa 12 ko 15. A ruwa mai zurfi waɗannan na biyu ba sa yin komai illa su ɗaga jirgi su sauke shi. Haɗarinsu yana kusa da tudu. Da sun iso wuri marar zurfi ko sun hau kan dutsen da ke ɓoye a ƙasa, sai su miƙe tsaye su fashe. Don haka ana iya wayar gari da rana tas, babu iska ko kaɗan, amma matuƙi ya ce ba za a fita ba, baƙo ya ga kamar an cuce shi.

Matsin da ke kan matuƙi ba kaɗan ba ne. Kakar giwaye wata biyar ce ko shida, kuma kowace rana da aka soke tafiya kuɗi ne da ba za su dawo ba, ga albashin ma'aikata, ga bashin jirgi. Baƙon ma ya taso daga Turai ko Amurka, kwana biyu gare shi a garin. Masu shirya tafiyar tsuntsaye sun rage wannan matsi ta hanyar sa mutum ya keɓe Asabar da Lahadi duka, a fita a wadda ta fi kyau, in duka sun ɓaci a haƙura. Dabara ce mai kyau, domin tun kafin a karɓi kuɗi an sanar da baƙo cewa teku ne mai yanke shawara.

Abin da ya faru a ranar 13 ga Oktoba 2012 ya nuna abin da ake gudu. Wani jirgin yawon kallo mai suna Miroshga, ɗauke da mutum kusan 40, ya je kusa da tsibirin Duiker a bakin Hout Bay, wurin da ke maƙwabtaka da wasu duwatsun ƙarƙashin ruwa da suka yi suna wajen tayar da manyan raƙuma. Ruwa ya shiga jirgin, injunansa suka mutu, igiyar ruwa ta buge shi ta gefe ya kife. Mutum biyu suka rasu, wani baƙo daga Birtaniya da wani ma'aikacin jirgin. An ciro wasu mata da rai daga ƙarƙashin jirgin bayan sun shafe awoyi a wani ɗan sarari da iska ta maƙale. Cikin waɗanda suka yi aikin ceto akwai ƴan sa-kai na ƙungiyar ceto ta NSRI, wadda aka kafa a 1967 bayan masunta 17 sun nutse a Stilbaai a shekarar da ta gabace ta. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya iya fuskantar igiyar ruwa, gefensa yake ba ta, kuma a kusa da duwatsu mintoci kaɗan sun isa.

Abin da ya fi samun fasinja dai ba nutsewa ba ne, jiri ne da amai. Sanadinsa saɓani ne tsakanin gaɓoɓi biyu: cikin kunne, inda ma'aunin daidaito yake, yana jin jiki na hawa da sauka, ido kuwa yana kallon bango ko kujerar da ba ta motsi a ganinsa. Ƙwaƙwalwa ta rikice, zuciya ta tashi. Shi ya sa ake ba mutum shawarar ya zauna a waje, wajen tsakiyar jirgi ko bayansa, ya kafa ido a kan layin da sama ta haɗu da ruwa, ya sha magani tun kafin a tashi, ba bayan abin ya kama shi ba. Wasu suna tauna citta. Masu kallon tsuntsu sun fi kowa shan wuya, domin duba madubin hangen nesa a jirgi mai tangaɗi yana ninka jirin, ga warin dakakken kifi da mai da ake zubawa a ruwa don jawo tsuntsaye.

Idan guguwa ta kai matakin da babu jirgin da zai fita, kallo bai ƙare ba, wuri kawai ya sauya. Iskar arewa maso yamma mai ƙarfi tana turo tsuntsayen tsakiyar teku zuwa gaɓa, don haka a irin wannan rana akan ga mutane a Kommetjie da kan tsinin Kef sun raɓe bayan dutse ko mota, cikin rigunan ruwa, sun kafa madubi a bisa ƙafa uku, suna kallon albatros da fetirel suna wucewa ta bayan inda raƙuma ke fashewa. A Hermanus kuma giwaye suna nan cikin lungunsu, ana ganinsu daga hanyar duwatsu. Bayan guguwa ta wuce, akan tsinci ƙananan tsuntsaye da ƙarfinsu ya ƙare a kan yashi, wasu matattu, wasu da sauran numfashi. Masu rai akan kai su cibiyar SANCCOB da ke Kef Tawun, wadda Althea Westphal ta kafa a 1968 don jinyar tsuntsayen teku. A can ake ɗumama su, a ba su ruwa da kifi, a jira gashinsu ya koma hana ruwa shiga, sa'an nan a mayar da su teku.